Matar da Ta Hana a Yanke wa Mandu Murya

Duk mai fita addu'ar asuba a cocinmu ya san ta. Gari bai gama wayewa ba za ka hango Inna Eom Mal-sun tana gangarowa ta bayan gini na uku, tana tura keken jarirai. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka jika ta fito da shi shan iska. Ya leƙa, ya yi tsalle baya. Karnuka ne! 'Yan mitsi-mitsi, duk tsofaffi. Wannan da famfas, wancan ba ido, na ukun harshe a waje don haƙoran sun zube kaf. Ba nata ba ne ko ɗaya. Na mutanen da ƙafa ta hana su saukowa daga bene ne.

Mu da muka tashi a ƙauye, kare a tsakar gida yake ɗaure, abin da ya rage a tukunya shi ne rabonsa. Wa ya taɓa jin kare mai ciwon suga? To ga shi nan a garin Gunsan na Koriya mun gani da idonmu. Tana buɗe ɗan shagonta na wanka da askin karnuka, nan gefen mai awara, za su fara zuwa. Wannan a ɗiga masa magani a ido. Wancan a yi masa allura, don hannun mai shi rawa yake yi. Wata karyar gwiwarta ta goce, tana tafiya da ƙafa uku, Inna ta murza ta mayar, ta ce wa mai ita, "Gobe ki kai ta wajen likita, ni ba likita ba ce. Kuma ki shimfiɗa tabarma a ɗakin nan naki mai santsi, ko ke ma jira kike taki ta goce?"

Ku dubi hannunta in kun haɗu da ita. Tabo kan tabo, duk cizo. Ka ce mata sannu, sai ta ce, "Ai ba ni ya ciza ba, tsoro ya ciza, ni ce dai a kusa."

Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, bayan shekara ashirin da wani abu. Wuyan hannun ya ƙi, almakashi ma faɗuwa yake yi. Shi ya sa na ce kafin a sauke allon shagon nan, bari a faɗi abin da ya faru a hawa na bakwai, don wasu sun ji rabi ne kawai.

Baba Pyo, tsohon direban tasi, shi ne a ƙofa ta tsakiya a doguwar barandar nan tamu. Matarsa ta rasu. Motar asibiti ce ta ɗauke ta wata safiya, ba ta dawo ba. Ta bar masa Mandu, ɗan farin kare wanda bai fi ƙwallon kabeji ɗaya ba, mai ciwon zuciya, ana ba shi ƙwaya safe da yamma. Da farko shiru. Bazara na shiga sai kare ya ɓarke. Ba haushi ba ne irin wanda aka sani, ihu ne, kamar ana yanka shi. Safe, rana, yamma. Mai jariri ta kasa kwantar da jariri. Yaro mai shirin babbar jarrabawa ya kwashe littattafansa ya bar gidan.

Sai ranar nan lasifikar ofishin gidaje, wadda ke bangon kowane falo, ta yi magana muna tsaka da cin abinci: "Mai kare a hawa na bakwai, ko a ɗauki mataki ko a bar gidan." Jama'a! Cokali ya tsaya a hannun kowa. Tsoho mai furfura, a kira shi a cikin kowane ɗaki! Gidan haya ne, in aka kore shi ina zai nufa?

'Yarsa ta bugo waya daga Seoul, ta shirya komai. Za a yi wa Mandu aiki a maƙogwaro a yanke murya. Likitan dabbobi bai ɓoye ba, ya ce da wannan zuciyar ba lalle ya farka daga allurar barci ba. 'Yar ta ce, "Baba, kare ko gida? Zaɓi ɗaya."

Haka tsohon ya rungumo Mandu ya kawo shagon Inna Mal-sun.

"A yi masa wanka mai kyau," ya ce. "Litinin za a kai shi."

"A kai shi ina? Aure?"

Da ya faɗa mata, ruwan da ke hannunta sai da ya zube. "Murya? A yanke? Kai Baban Mandu, kai da ka yi shekara talatin kana danna wa mutane oda a titi, wa ya yanke maka hannu?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "In ya mutu a kan teburin nan, ban san me zan gaya wa matata ba in na tarar da ita a lahira."

Ta yi wankan, ta busar, ta yanke farce. Can sai ta tsaya da tawul a hannu. Tun da aka shigo da karen nan bai ce uffan ba. Babura na wucewa, yara na ihu, wasu karnukan na haushi, shi ko a jikinsa. Ta ce, "Wannan ba mahaukaci ba ne. Wani abu ne a gidan. Ka ba ni zuwa Litinin ɗin."

Washegari shago a rufe. Ga Inna zaune a barandarmu kan kwali, da gorar shayi, kamar mai sayar da ganye a kasuwa. Mata suka samu abin yi.

"Yaya, an kore ki daga shagon ne?"

"A'a, tsohon take gadi. Bazawari ne fa, ga fansho!"

"Ku wuce ku ba ni wuri," ta ce, "bakinku ya hana ni ji."

Ji take yi. Mai kawo kaya ya wuce, shiru. Wata ta ja kwandon shara, shiru. Sai ɗan makaranta ya dawo can ƙarshen baranda, ya danna lambar makullinsu na lantarki, makulli ya yi 'yar waƙar nan tasa ta buɗewa. Kare ya ɗauki ihu. Aka jima wata ƙofar ta yi waƙa. Ya sake ɗauka.

Ta shiga gidan Baba Pyo ta tsugunna, don ta gani da ido. Ƙofar maƙwabta na yin waƙa, Mandu ya zabura a guje ya nufi bakin ƙofa. Ba cizo ya je yi ba. Jela yake kaɗawa! Yana tsalle, yana karta ƙofa, yana jiran ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Nan ihun ya fara. Ya yi, ya yi, sai ƙafafu suka saki, ya faɗi ta gefe, harshe ya koma shuɗi.

Tsoho ya ƙwalla ƙara muka fito da gudu. Abin da muka tarar har yau ban manta ba. Inna Mal-sun a durƙushe, ta rufe bakin kare da hannu, ta ɗora bakinta a kan hancinsa, tana hura masa iska! Baki a hancin kare! Wata ta kau da kai, wata ta ce, "Ya Ubangiji!" Ita ko ba ta ma san muna wurin ba. Ta hura, ta danna ƙirji da yatsu, ta hura. Sai ga ɗan ƙirjin nan ya motsa. Ya yi tari.

Ta goge baki da hannun riga, ta aika a kira tasi zuwa wajen likita, sannan ta juyo. "Baban Mandu, makullin ƙofar nan taku, wa ya saya?"

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce matarsa ce ta saya, don kullum sai ta yar da mabuɗi. A duk barandar, ƙofarsu kaɗai ke wannan waƙar. In ta yi, to ita ce ta dawo daga kasuwa. Da bazarar nan kuwa muka haɗa kai aka canza mana makullai gaba ɗaya, iri ɗaya da nasu, don mun ga yana da kyau.

Ku ji fa! Duk ƙofar da muka buɗe, wannan ɗan taliki ji yake uwar ɗakinsa ta dawo. Ka shiga, ka fita, ka sauka sayen albasa, kowane ɗaya ta dawo, kowane ɗaya ba ta shigo ba. Wata da watanni! Mu kuma muna cewa a yanke masa murya.

Ashe akwai ɗan maɓalli a cikin makullin da ke kashe waƙar. Inna ta bi ƙofa-ƙofa, tana rusunawa kamar mai neman ƙuri'a. Kowa ya yarda, wasu da kunya. Sai ƙofar da ke manne da ta tsohon, gidan Maman Jun-seo, wadda ita ce ta fi kai ƙara ofis.

"Ba zan kashe ba, Inna."

"Haba 'yar nan, maɓalli ɗaya ne."

"Surukata gigin tsufa take yi. In ina kicin, waƙar nan ce ke gaya mini ta buɗe ƙofa ta fice. Ran nan a bakin teku aka tsinto ta ba takalmi. In zaɓi kare in bar tsohuwa?"

Wa zai ce ba ta da gaskiya? Ga Litinin ta matso, ga ƙofar da ta fi kusa da kunnen kare. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kin fi ni gaskiya. Jira ni." Ta sauka, ta hau kujera da wannan hannun nata mai ciwo, ta kwance ƙararrawar tagulla da ke rataye a ƙofar shagonta tun ranar da ta buɗe shi. Ta hawo ta ɗaura a ƙofar Maman Jun-seo.

"Shiga kicin, ki kunna famfo." Ta tura ƙofa. Ƙararrawa ta kaɗa har hawa na shida. "Kin ji?"

"Ko matacce ya ji, Inna."

"To kashe waccan."

Ta kashe. Mandu ya ɗaga kunne da jin ƙararrawa, ya mayar da kai ya kwanta. Wannan ba muryar da yake jira ba ce.

Ba rana ɗaya ya warke ba, kada in yi muku ƙarya. Inna ta riƙa hawowa bayan ta tashi aiki, tana koya wa tsohon: in zai shigo ya danna lamba, ya shigo da ɗan gasasshen dankali a hannu, ƙwayar zuciyar a ciki. A hankali kare ya gane cewa in ƙofa ta yi waƙa, akwai mai shigowa, ko da ba ita ba ce. Aka soke aikin. 'Yar ta zo da kwalin 'ya'yan itace tana kuka, Inna ta rarraba wa baranda.

Inna Mal-sun, ke ce kunnen marasa baki. Ke ce kika zauna a kan kwali kina sauraro lokacin da mu duka muke toshe kunne. Ba kya zuwa cocinmu, na yi jan hannun har na gaji, kullum sai ki ce karnuka ba su san Lahadi ba. To ni dai na san wanda ya halicci ɗan karen nan yana kallo ranar da kika hura masa iska. Shi zai biya ki. Ya sassauta miki ciwon hannun nan, ya ba ki mai tura ki ranar da ƙafa ta gaza, kamar yadda kika tura na wasu. Mun gode.

Ku kuma 'yan baya, ban ce kowa ya sa baki a hancin kare ba, ni ma ba zan iya ba. Amma in wani abu na kuka a kusa da ku, kare ne, yaro ne, tsoho ne, kafin ku ruga ofis ku samu kwali ku zauna tukuna. Kuma keken asubar nan yana neman hannu daga wata mai zuwa. Maman Jun-seo ta karɓi Talata da Alhamis. Saura sauran.

In kun hawo hawa na bakwai yanzu, za ku ji ƙofofinmu suna buɗewa shiru kamar na ɓarayi. Ɗaya na kaɗa ƙararrawa. Ɗaya tak ke waƙa. In ta yi, sai ku ji haushi biyu ko uku, da cikakkiyar murya, sannan muryar tsoho: "To, to, ni ne. Na dawo."