Matar da Ta Raba Kayan Tarihin Garinmu Gida-Gida

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu za ka ga Gwaggo ta ɓullo ta kwanar kasuwa, makullai na ƙara a jakarta, tana ɗan ɗingishi saboda gwiwar nan da ta hana ta sakat. Tsohon gidan waya take nufa, wanda aka mayar ɗakin adana kayan tarihi tun da wasiƙa ta daina zuwa garin. In ta buɗe ba shara take fara yi ba. Sai ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu tana laluben danshi: ƙararrawar makarantar firamare ta farko, sikelin da aka auna rabin garin nan da shi suna jarirai, fitilar mai gadin tashar jirgin ƙasa, da hotunan da suka koɗe har sai ka ƙura ido kafin ka gane kakanka. Yara ne suka laƙaba mata Gwaggon Tarihi, sunan ya bi ta har manya suka manta ainihin nata.

Shara aka ɗauke ta yi. Jami'in da ke kula da wurin aka yi masa canjin aiki, aka ce wani na nan tafe, to har yau yana hanya. Haka makullai suka zauna a hannunta, ta tsufa da su. Kuma kada wani ya zaci mai sanyin hali ce. Gwaggo akwai faɗa! Ka shigo da takalmi mai taɓo ka ji yadda za ta wanke ka tas, ko da kai ne mai ba da albashinta. Amma in ɗalibai suka zo, ita ce mai cewa, "Ku taɓa mana, ai ba wuta ba ce," har ta bar su su kaɗa ƙararrawa, malamai na toshe kunne.

Tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mutane dariya. Duk wanda ya kawo kaya ya ce kyauta ya ba gari, sai ta ce, "A'a, ajiya ka kawo." Ta tambayi gidan da abin ya fito, da wanda ya yi aiki da shi, da 'ya'yan da ya bari. In aka yi rasuwa a gidan ta je gaisuwa, in sun tashi ta bi sawu ta san inda suka koma. Mu dai mun ɗauka son zumunci ne irin na tsofaffi.

Sai rufin ya fara yoyo. Da fari bokiti ɗaya ya isa, daga baya har da robar wankin gidanta da tukunyar da 'yarta ke nema ruwa a jallo. Kwamitin da ke kula da wurin ya kira taron neman taimako, aka yi hayar kujeru da lasifika, aka yi jawabai masu daɗi, kujerun suka fi mutane yawa. Aka sake kira, abin ya fi na farko muni. Hukumar gari kuwa ta yi magana a fili: in damina ta faɗi ba a gyara rufin ba, za a kwashe kayan a kai wani sito a babban birni, a rufe ginin. Kowa ya san abin da ya shiga wannan sito sai dai a ji labarinsa.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Gwaggo ta ari baro wurin kafintan da ke maƙwabtaka da ginin. Ita da shi suka dinga lodi suna bin unguwanni. Sikeli ya koma gidan 'yar tsohuwar unguwarzoma, ƙararrawa ta koma wurin jikokin malamin da ya fara kaɗa ta, kowane hoto ya nemi danginsa. A kowace ƙofa abu ɗaya take faɗa: "Ga ajiyarku, ku riƙe min har a gyara rufi."

Shugaban kwamitin, tsohon hedimasta ne da shi ma ya ba wurin nan ƙarfinsa, ya zo ya tarar da ɗaki wayam. Ya dafa bango.

"Gwaggo, me kika yi mana haka? Ga taro na ƙarshe saura 'yan kwanaki. Me za mu nuna wa mutane?"

"Ranka ya daɗe, jiya da hannuna na matse ruwa daga bayan hoton 'yan ƙwallo."

"In suka ƙi maidowa fa?"

"To ai dama nasu ne. Gara yana ɗakin jikan mai shi da ya ruɓe a hannuna."

"Kin kashe wurin nan," ya ce, ba da tsawa ba, ya fita.

Maganar ta shige ta. 'Yarta ta ce kwanakin nan ko abincin kirki ba ta ci, sai ta zauna ta yi tagumi tana kallon makullan ɗakin da babu komai a cikinsa. Ta ji tsoro, kuma tsoron yana kan hanya, domin hedimasta bai faɗi ƙarya ba. Abu ne mai sauƙi a wayi gari kowa ya rungume nasa.

Abin da ba wanda ya hango shi ne abin da kayan za su yi a gidaje. Yara suka tasa iyaye gaba da tambaya: wannan na waye, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba? Gidan da aka kai ƙararrawa kuwa maƙwabta suka kusa yin ƙaura. Ranar taro aka cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da wurin tun suna 'yan makaranta. Suka shiga suka ga bango da shatin hotuna fari-fari, ga hasken rana na zubowa ta hujojin kwano. Ba a yi wani dogon jawabi ba. 'Yar unguwarzoma ta tsaya inda sikelin uwarta yake zama, ta ɗaga kai ta kalli rufin, sai hawaye. "Ashe a ƙarƙashin wannan muka bar ajiyar uwata," ta ce. Kafinta ya ce aikinsa kyauta ne, mai sayar da kwano ya ce a zo a ɗiba, direbobin tasha suka ɗauki jigilar katako, mata suka kafa murhu a bakin titi suna ciyar da ma'aikata. Ruwan farko mai ƙarfi a kan sabon rufi ya sauka, hedimasta da kansa ya je har gida ya kirawo Gwaggo ta zo ta ji.

Kaya suka dawo, har da waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ba. Abu ɗaya ne bai dawo ba: wani keken ɗinki baƙi mai ƙafa, wanda aka ɗinka kayan makarantar farko na garin da shi, kuma shi baƙi suka fi tsayawa kallo. Na matar wani tsohon direba ne, ya ba da shi bayan rasuwarta. Gwaggo ta tura baro ta je karɓa. Ta tarar ya ajiye shi a bakin taga inda marigayiyar ke zama, ya sa masa mai, ya jawo kujerarsa kusa.

"Na san abin da ya kawo ki," ya ce. "Gwaggo, tun da keken ya dawo, gidan nan ya daina yi min girma."

Ta zauna suka yi hira, ta tambayi lafiyar 'ya'yansa da ke nesa, ta juyo da baronta babu komai. Kwamiti ya so a aika masa a hukumance, ta ce sai dai a fara karɓar makullai daga hannunta. Har gobe akwai masu cewa gangancinta ne ya jawo wa gari asarar abin da ya fi komai daraja a ɗakin. Tana ji, kuma duk da bakin nan nata ba ta taɓa tanka musu ba.

Gwaggo, ke ce kika riƙe abin da ba naki ba kamar naki, kuma ba ki taɓa manta cewa ba naki ba ne. Ke ce kika yarda da mutanen garin nan a lokacin da mu kanmu mun fid da rai da junanmu. Mun yi ta wuce ki a bakin ƙofa muna gaisuwa daga nesa, ba mu taɓa tsayawa mun ce sannu da aiki ba. Wannan ya dame ni, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Mun gode, uwar ajiya. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya sa ki huta cikin jikokinki.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa makullai ga wata matashiya da aka ɗauka. Ku je ku gaishe ta kafin nan, ku kai yaranku, wanda ke da abin kakanni a ƙarƙashin gado ya kai ajiya, wanda kuma aka damƙa wa wani abu na jama'a ya koyi riƙo a wurinta. In kun shiga za ku ga wani fili a kusa da taga, an share shi fes, babu komai a kai. Ta riga ta gargaɗi matashiyar kada ta sa wani abu a wurin, kada kuma ta je tambaya. Wurin keken ne, yana hannun wani tsoho da bai gama da shi ba tukuna.