Duwatsun Arnold

Abu ɗaya mijina Arnold Stathers ya yi a duniya da yake taƙama da shi, kuma ya ishe mu da labarinsa. Makaniken taraktoci ne, mutum mai nauyin baki, amma ka ambaci duwatsu, to ka taro wa kanka, sai shayinka ya huce yana zuba.

Ƙauyenmu a kan gaɓar yumɓu yake, teku na gutsurarta duk lokacin sanyi. Muna da ƙuruciya ta cinye tsohuwar hanya, ta nufo coci. Arnold ne ya tashi tsaye. Ya tara mutane, ya yi ta sintiri a ofisoshin hukuma har takalmansa suka cinye, ya yi kuka a gaban manya. Daga ƙarshe aka kawo manya-manyan duwatsu a jirgin ruwa, aka jera su daga gindin gaɓa har cikin teku. Yashi ya taru, gaɓa ta daina faɗuwa, ƙauye ya tsira. Har yau a mashaya "duwatsun Arnold" ake ce musu.

Ƙanwarsa Doreen tana da gonar shanu kudu da mu, tafiyar ƙafa ce. Ranar da aka sauke duwatsun har waina ta gasa wa ma'aikata. Ba a daɗe ba teku ta juyo kanta kamar da gayya. Filin kiwonta ya tafi, rumfar tatsa ta bi, sai gidan kansa. Ta zo ƙofarmu da ƴan komatsanta a bayan mota, ta ce, "Yaya, duwatsunka ne suka cinye ni." Ya ce baƙin ciki ne ya taɓa mata kai, teku ba ta san wani dutse ba. Ta koma birnin Hull. Tun daga ranar ba su ƙara magana ba, ni ce mai kai gaisuwar Kirsimeti a ɓoye, kamar ɓarauniya. Na gaji da wannan aikin, wallahi na gaji.

Da tsufa ya kama shi, gwiwa ta ƙi, zaman gida ya ishe shi, sai ya ga sanarwar wani kwas na ƴan koyo: ranar Asabar a fita bakin teku a koyi yadda gaɓa take. Ya rubuta sunanmu mu biyu ba tare da ya tambaye ni ba.

Na ce, "Baban Neville, karatu kake so ko yabo?"

Ya ce, "Ke dai Enid, tuƙa mota."

Haka muka yi ta yawo da hular kwano da takalman roba, mu da wasu tsofaffin malaman makaranta da wani ma'aikacin banki mai tsoron jiƙewa. Malamarmu Bryony yarinya ce sa'ar jikarmu, mai haƙuri. Ta nuna mana cewa wannan yumɓun ƙanƙarar zamanin da ce ta jibge shi, shi ya sa ba shi da ƙwari. Arnold na gyaɗa kai kamar shi ya jibge shi. Ni kuwa ƙafafuna ke ciwo, iska na shiga kunnena.

Asabar ɗin da aka zo gaɓar garinmu ya sa rigarsa ta coci a ƙarƙashin rigar ruwa. Bryony ta zo da jakar lemo. Ta raba mana, ta ce kowa ya jefa nasa a ruwa arewa da duwatsun, mu zuba ido.

Ma'aikacin bankin ya ce, "Asarar lemo kawai."

Arnold ya ce, "Jefa mana, mutumina, ai ba daga albashinka ba ne."

Muka jefa. Igiyar ruwa ta riƙa turo lemon tana ja, tana turowa tana ja, kowane zuwa sai ya ɗan matsa kudu. Suka yi ta gangarawa a jere har suka iso duwatsun. Nan suka tsaya cak, suna ta bugun dutse.

Bryony ta ce, "Kun gani? Haka yashi ke tafiya, kullum kudu. Duwatsun nan sun tare shi, shi ya sa wannan ɓangaren ya yi ƙiba. Yanzu mu tsallaka mu ga wanda aka hana."

Muka tsallaka. Can babu yashi ko na magani, yumɓu ne tsirara, ruwa na dukan gindin gaɓa kai tsaye. Gaɓar ta lotsa ciki kamar an ciji burodi. Wani bututun ƙarfe ya leƙo daga sama yana lilo. Na san shi, na wurin shan ruwan shanun Doreen ne.

Arnold ya ce, "Malama, ai ko babu duwatsun da ta ci."

Ba ta san ko shi wane ne ba. Ta ce, "Da ta ci, Baba, amma a hankali. Da mai wurin ya tsufa a ɗakinsa. Wanda ya kare ƙauyen bai yi laifi ba, sai dai wani ne ya biya."

Shekara da shekaru ana faɗa wa Arnold wannan maganar da baki bai ji ba, sai da ya jefa lemo da hannunsa. Na so in ce ai an gaya maka, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni.

A gida ya ƙi cin soyayyen kifin da na sayo. Kwana da kwanaki yana zaune gaban taga. Wata safiya ya ce, "Enid, kai ni wurin Doreen." Na gaya masa tana gidan kula da tsofaffi, kuma kanta ya fara rikicewa. Ya ce ya ji, mu tafi. A mota yana ta maimaita abin da zai faɗa, leɓɓansa na motsi.

Muka same ta a kujera, an lulluɓa mata bargo a gwiwa. Ta gane shi nan take, fuskarta ta washe.

Ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ce, "Doreen, ke ce da gaskiya. Duwatsuna ne. Na zo ki yafe mini."

Ta kama hannunsa tana murmushi. "Yaya, sannu da ƙoƙari! An ce yau za a sauke duwatsun. Ka ga yanzu gonata ma ta tsira, ko?"

Ya juyo ya dube ni. Doreen ta girgiza hannunsa, ta ce, "Ko ba ta tsira ba?"

Ya ce, "Ta tsira, ƙanwata."