Mode da Wutar Cikin Ruwa

Duk wanda ya taɓa zama bakin dam ɗin Goronyo ya san Mode. Ba don arziki anka san shi ba, Allah ya tsare shi daga wannan fitina tun shina yaro. Gajere ne, hularsa ta ga gwamnatoci da dama, kuma kullum da rediyo rataye a wuyansa kamar laya. Da kamun kifi ya fara, shina da ɗan jirginsa. Da kifi ya ja baya sai ya koma noman albasa da rani, da wani tsohon injin ban-ruwa da yake kira Hajiya, don ba ta motsi sai an ba ta abin sha.

Tun da fetur ya hau sama Hajiya ta kwanta barci. Matarsa Habi ta gaji da kallon gona tana tsagewa, ta roƙi yayanta da ke Sakkwato, ya samo wa Mode gadin wani shagon siminti. Yac ce zai riƙe masa wurin zuwa ranar kasuwar Achida, in bai zo ba a ba wani. Har Mode ya wanke rigarsa ta zuwa birni, sai rediyon ga ya shiga tsakani.

Mai labaru yac ce kwamitocin majalisa za su zauna a Abuja. Ɗaya zai saurari jama'a kan makamashin da ake samowa daga cikin ruwa, ɗaya zai tantance waɗanda za a naɗa jakadu. A cikin sunayen har da Alhaji Yusha'u, ɗan ƙasarsu, wanda Mode ya sha ƙetarar da shi gulbi shina ɗan makaranta, shina amai cikin jirgi.

Mode ya shigo gida ba takalmi ɗaya.

"Habi, kwance kayan ga! Wuta za a hiddo muna cikin ruwa. Hajiya ta bar shan mai, lantarki za ta sha."

"Wane ruwa?"

"Ji ta! Ƙasag ga akwai wani ruwa bayan na Goronyo? Ga Yusha'u an yi shi jakada. Jakada ai ɗan aike na. Aiken wa za ya kai in ba namu ba?"

"Malam, kai dai tahi ka kama gadin ga."

"In tsare simintin wani, wuta na zakkuwa gonata?"

Ya ɗauki buhun gero da sunka ajiye, ya musanya shi da irin albasa, ya dasa, shina ba shi ruwa da bokiti kafin wuta ta iso. Ranar kasuwar Achida ta zo ta wuce, rigar birni tana kan igiya.

Ranar zaman, tun da hantsi ya kafa kansa a teburin Bilyaminu mai shayi, wanda ke da babbar waya, kuma ya taɓa sakandare har ana cewa ya ji Turanci. Anka jingina waya da gwangwanin madara, mutane sunka taru. Wasu masu manyan riguna sunka yi ta magana, ana nuna hoton wani ƙarfe tsaye cikin ruwan da ba shi da gaɓa.

"Mi sunka ce? Sun ambaci Goronyo?"

Bilyaminu ya sosa ƙeya. "Baba Mode, ruwan ga ba namu na ba. Teku suka nuhi, can kudu. Man da aka haƙowa ƙarƙashin ruwan gishiri."

"To mi ya hana mai labaru shi ce teku?"

"Halan ya ga teku ma ruwa na."

Anka yi dariya, ban da Mode. Yac ce a bari dai Yusha'u ya fito, shi ya san inda ruwan gaskiya yake. Bayan azahar kuwa sai ga Alhaji Yusha'u cikin farar shadda, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace. Mode ya miƙe tsaye, ya gyara hula kamar ana ganinsa. Alhaji ya faɗi sunansa. Wani ya yi magana, sauran sunka amsa da murya ɗaya. Alhaji ya dafe ƙirji, ya sunkuya, ya juya ya fita.

"Ina za shi? Alwala?"

"An ƙare, Baba. Sun ce tsohon ɗan majalisa na, nasu na, ba a yi mai tambaya. Shi duƙa shi wuce."

"Bai ce komi ba hwa!"

"Ai shi na cin jarrabawar."

"To aiken namu?"

"Wata ƙasa za a kai shi, bayan tekun ga da kag gani."

Mode ya ture shayinsa da ya riga ya yi sanyi. Sannan yac ce, "Da amai ya yi musu ma, da na san shi na."

A gida Habi ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi gori ciwo. Ta dai ce yayanta ya aiko, an ba wani mutumin Rabah gadin. Ta sauke rigar daga igiya ta ninke.

Ya ci gaba da jidar ruwa da bokiti daga magudana, amma bayan dattijo ɗaya ba ya shayar da gonar albasa. Kafin ya kai ƙarshen gona farkonta ya bushe. 'Yan teburin shayi kuma sunka samu abin yi: da sun hango shi sai su dafe ƙirji su ce, "Jakada, a duƙa a wuce!" Shi ma yakan duƙa musu, don ba shi da ƙarfin faɗa.

Wata safiya Habi ta kai masa fura gona, ta tarar da shi zaune kan Hajiya, rediyo na ta surutu a ƙirjinsa. Ganyen albasa duk ya yi rawaya, ya kwanta da kai a ƙasa.

"Malam, mi za mu ci bana?"

Mode ya nuna gonar da haɓa. "Dibi ta. Ba wanda yat tambaye ta komi, ta duƙa ta wuce."

Habi ta ajiye furar. Shi kuwa ya murɗa rediyo, wai ko akwai wani zama gobe.