Rular Kwali a Ka'akiyya

Shekarar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, duniyata ta koma ɗaki guda a saman wani tsohon gini a unguwar Ka'akiyya da ke Makka. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Da takarduna cikakku na zo Makka, wani kamfanin gine-gine ne ya ɗauko ni daga Kano a matsayin safiyo. Na yi musu shekaru ina awon filaye, sai aiki ya tsaya, manyan suka daina ɗaukar waya. Fasfona yana hannun kafil, mutumin da sunansa ke kan takarduna, shi kuma babu wanda ya san inda ya shiga. Ni da sauran ma'aikatan muka kai ƙara kotu, aka ce mu jira. Aka kuma gargaɗe mu cewa duk wanda aka kama a titi aka mayar gida, ƙararsa ta bi ruwa. Sai na daina sauka titi.

Ɗakin na wani mutumin Maraɗi ne da muka saba a masallaci. Tun yana saurayi ya zo aikin hajji ya zauna, yana wankin manyan motocin alhazai a tashar Kudai. Bai taɓa mallakar takarda ba, kuma ya san kowane lungu da ake bi a kauce wa shingen bincike. Da asuba yake fita, ya dawo bayan la'asar da gurasa da wake a leda. Tsakanin fitarsa da dawowarsa, ni da fanka ne kawai.

A wannan zaman ne hannuna ya fara neman rular lissafi. Na lura ina zaune sai babban yatsana ya riƙa tura wani abu da babu shi a tafina.

Yaran yanzu ba su san ta ba. Rula ce mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, da wani falle a tsakiyarta da ke zamewa hagu da dama, da ɗan gilashi mai layi siriri kamar gashi. A makarantar koyon sana'a na fara riƙe ta, kafin kalkuleta ta cika gari. Lambobin da ke jikinta ba a jere suke daidai ba. Tsakanin ɗaya da biyu fili ne mai faɗi, amma kana matsawa wajen goma suna ƙara cunkushewa. Malaminmu ya ce a nan hikimar take: idan ka ɗauki nisan da ke tsakanin ɗaya da biyu ka ɗora a kan nisan da ke tsakanin ɗaya da uku, a kan shida za ka sauka. Ka haɗa tsawo biyu, sai ka tarar ka yi sau. Ranar da na gane wannan, a ƙafa na koma gida don in samu lokacin juya shi a kaina.

Abin da na fi so a tare da ita shi ne ba ta yi maka komai da komai. Za ta ba ka lambobi uku, na ƙarshen ma da ido za ka kintata. Ba za ta faɗa maka ko amsar arba'in ce ko ɗari huɗu ba, kai ne za ka san girman abin da kake aunawa. A aikin Makka kuwa, na'ura ce mai ƙafa uku take harba haske ta rubuto amsa, ni dai in kwafa.

Tawa rular tana Kano cikin akwati. Sai na yanko falle biyu daga kwalin dabino, na ɗauko tef ɗin awona da biro, na zauna a ƙasa. Lambobin log da muka haddace a makaranta, masu nuna nisan kowace lamba daga ɗaya, suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Na biyu da na uku na tuna su ras, daga su na fitar da huɗu da shida da takwas da tara. Biyar ba ta ba ni wahala ba, nisan biyu kawai na cire daga na goma. Bakwai ce ta ɓace mini ƙaf. Wayata tana gefena, danna ɗaya zan yi ta faɗa mini, amma na kife ta. Wuni guda na yi ina fama, sai da na tuna cewa bakwai sau bakwai saura kaɗan ta cika hamsin. Na nemi wurin hamsin, na raba nisan biyu, na ja baya kaɗan na ɗiga biro. Ba zan ɓoye ba, tun da aka rufe kamfanin ban yi farin ciki irin na ranar ba.

Mai ɗakin ya shigo ya same ni cikin yankakken kwali.

"Malam, mi kake yi da wanga? Ko duba ka koma?"

Na ce ya zauna. Bai yi boko ba, amma ya san lambobi daga jikin motoci. Na sa ya ɗora lambar ɗaya ta fallen sama a kan lambar biyu ta fallen ƙasa, ya nemi uku, ya dubi abin da ke ƙarƙashinta. Ya ce shida. Ya nemi huɗu, ya ga takwas. Ya juya kwalin ya duba bayansa ko na rubuta wani abu. Daga nan kullum in ya ci abinci sai ya ɗauka ya gwada, yana neman ranar da zai kama ta da ƙarya. Bai taɓa tambayata dalilin da ya sa take aiki ba, ni kuma na yi ta ƙoƙarin faɗa masa, yana gyaɗa kai don kunya.

Wata Juma'a na kira matata ta bidiyo. Bayan gaisuwa na ce ta buɗe akwatina ta ɗauko mini rular nan mai gidan fata. Ta tashi, na ji ƙarar murfin akwati, ta dawo ta ɗaga ta gaban waya. Ta yi rawaya, amma lafiyarta lau. Na ce ta tura fallen tsakiya in gani ko bai cije ba. Ta tura. Na ce ta ɗan ƙara zuwa dama. Sai ta ajiye ta a cinya.

"Alhaji, an yi sunan jikarka ba ka nan. Yayanka ya rasu ba ka nan. Yau ka same ni, abin da za ka tambaya ke nan?"

Ba zan iya ce mata sauran abubuwan in na tambaya ba zan iya ɗaukar amsarsu a ɗakin nan ba. Ta ce za ta ɗora girki.

Bayan hajjin shekarar, mai ɗakin ya fita da asuba bai dawo ba. Kwana biyu ina zaune da ragowar gurasa, kafin wani abokin aikinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce jami'ai sun kwashe shi da wasu a Kudai, za a mayar da su gida. Daga baya shi da kansa ya kira ni daga Maraɗi, muryarsa wasai. Ya ce garin ya sauya har bai gane ƙofar gidansu ba, amma ya sami mahaifiyarsa da rai. Na yi masa barka. Da na ajiye wayar, hassada ce tsagwaronta ta kama ni. Wanda ba shi da takarda ko ɗaya ya isa gida, ni mai fayil a kotu ina nan.

Wata tsohuwa 'yar Sakkwato da ke hawan ƙasa, mai sayar da fura, ita ta riƙa ajiye mini kwano a bakin matakala. Na sake yin wata rular ta kwali, wannan karon da layin murabba'i, na lamba sau kanta, a samanta, amma babu mai gwadawa, sai na bar ta ban ƙarasa ba.

Sai da lokacin zafi ya sake zagayowa sannan aka kira mu. Aka ce an gano fasfunanmu a wani ofishin kamfanin da aka kulle, wanda yake son tafiya za a buga masa izinin fita in ya janye ƙara. Wasu suka ce za su ci gaba da jira. Ni na sa hannu a tsaye, ban ko karanta takardar ba. Na fito bakin titi da fasfo a aljihu, wata motar jami'ai ta taho a hankali, na ga ƙafafuna sun riga sun kai ni bayan wani shago.