Inda Shuni Bai Gogu Ba

Duk wanda injin ban-ruwansa ya taɓa mutuwa tsakanin Kura da Bunkure ya san Maharazu Mai Ƙarfe. Ɗan marina ne. Da rini ya ja baya sai ya tafi Kano ya koyo aiki, ya dawo da tsohon injin yankan ƙarfe ya kafa a bakin titi. Shekara goma sha tara ke nan. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ban taɓa ganin mai tsabtar tsiya irinsa ba. Ka yar da ɓawon gyaɗa a shagonsa, ranar sai ka yi da-na-sanin zuwa.

Injin nan yana da rami mai tsukewa ciki kamar mazurari, inda ake cusa mariƙin wuƙa. In mariƙin bai zauna daram ba, wuƙa za ta yi rawa, yanka ya fita a karkace. A da, Maharazu kan gwada zaman da shunin gidansu: ya kwaɓa da ɗan mai, ya shafa wa mariƙin, ya cusa, ya zare. Inda shuni ya gogu, nan ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Da ya yi suna sai ya daina gwajin, wai ya san injinsa kamar tafin hannunsa.

Bana aikin da ya yi wa mutane ya fara dawo masa da ƙorafi. Wanda ya fi tayar masa da hankali shi ne na Dattijo, manomin tumatir daga wajen Kadawa. Sau biyu yana yanka masa tsaga a sandar injin ruwa, sau biyu tana kwancewa. Ga tumatir yana fure, ga kwana huɗu ba ruwa.

"Malam Maharazu, don sunanka na tsallake kowa na zo nan," in ji Dattijo. "Ganye ya fara lanƙwashewa."

Maharazu ya ɗora laifin a kan mariƙan zamani, ƙarfen banza. Ya hau mota ya sayo sabo fil, sannan ya lalubo gwangwanin shuni ya gwada a gabanmu, don ya wanke injinsa daga zargi. Da ya zare, can ƙarshen mariƙin ne kawai ya gogu. Wajen baki kuwa shuni na nan shar, ko taɓa shi ba a yi ba. Ya sake, haka. Bakin ramin ne ya buɗe.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san abin da ya tuna. Danshin gonakin shinkafa yana sa wa ƙarfe tsatsa, shi kuwa ba ya iya ganinta ya yi shiru. Kowace Juma'a da safe sai ya naɗe samfefa a yatsa ya goge ramin har ya yi ƙyalli. Yatsa kuma iyakarsa baki. Shekara da shekaru yana cinye injinsa kaɗan-kaɗan, muna yaba masa.

Ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya naɗe sandar a tsumma ya miƙa wa Dattijo da hannu biyu.

"Yaya Dattijo, yi sauri ka kai ta Kano yau ɗin nan. In na sake taɓa ta, tumatirinka ya tafi."

"Sabon mariƙin ma bai yi ba ke nan?"

"Sabon lafiyarsa ƙalau," in ji Maharazu. "Ni ne."