Ranar Da Na Durƙusar Da Farfesa A Japan

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da na je gaida wani farfesa a Japan ba. Lokacin ina digiri na uku a nan Greensboro, malamina ya tura ni wajensa, don shi ke da na'urar da zan ƙarasa bincikena da ita. In ya ce a'a, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza.

Japancina kuwa a waya na koye shi, cikin bas daga tashar Downtown zuwa makaranta. Abu biyu kacal suka zauna min: "na gode" da "yi haƙuri". Matata ta ce, "Da wannan za ka tafi? Allah ya kiyaye hanya." Na ce mata ladabi zai cike sauran.

Farfesan tsoho ne, furfura fat, Turancinsa sai a takarda. Sakatariyarsa mai yi mana tafinta ta fita kawo shayi, ta bar mu mu biyu. Ya sunkuyo ya gaishe ni. Ni da aka rena a kan kada kaina ya ɗara na babba wajen gaisuwa, sai na ƙara yin ƙasa. Shi ma ya ƙara. Kai jama'a! Na zube na durƙusa kamar a gaban kakana, ina ta zuba "na gode". Bawan Allah ya ga wannan girmamawa dole a rama ta, ya dafa tebur ya sauko kan gwiwoyinsa, goshi har ƙasa. Ina jiran babba ya ce in tashi, shi kuma yana jiran baƙo ya fara tashi. Haka muka dasa zama, kowa na gumi.

Sakatariyar na shigowa ta kusa sakin tire. "Gwiwarsa! Watan jiya aka yi masa aiki!"

Na ce a raina shi ke nan, na kashe digirina da hannuna. Ya yunƙura ya kasa. Na rungume shi na ɗaga cak, ina jera "yi haƙuri". Da ya zauna a kujera sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya yi mata magana.

Ta ce, "Ya ba ka na'urar. Amma ya roƙe ka, don lafiyarsa, daga yau ku riƙa yin musabaha."

Tun ranar, kafin in kai ladabin gidanmu wata ƙasa, sai na tambayi yadda ake gaisuwa a can. Saura ƙiris tarbiyyata ta mayar da dattijon mutane asibiti.