Keken Kanti Ba Ya Komawa Wayam

Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan da idona na gani.

A Zango, in maƙwabciya ta aiko miki da tuwo, ba kya mayar mata da kwanon wayam. Ko goro ne sai kin jefa a ciki. A haka muka tashi.

To, aka buɗe wani ƙaton kanti can gaba da unguwar Alabar, mai kekunan ƙarfe da ake turawa ana zuba kaya. Mai gadin ɗan gidanmu ne, ɗan mahauci, bai daɗe da aure ba. Ran nan yayata, mai tuyar waina, ta je sayen shinkafa. Ya gan ta tana nishi, ya turo mata keke.

"Mma, zuba a nan."

Ya tafi sallar azahar. Ita kuwa ta ɗauka aro ya ba ta. Ta turo abinta har tsakar gida, masu trotro, motocin haya, suna ta mata oda.

Da la'asar sai ga shi, gumi sharkaf.

"Mma, keken! Madam mai kantin ta ce in bai kwana a kanti ba, kada ta ga ƙafata gobe."

"In ba ka shi wayam? A Zango aka haife ka ko a mota?"

"Mma, aikina fa!"

"Zauna. Ƙullun bai tashi ba."

Ya dube ni. Na ce, "Ɗana, da gaskiyarta. Tashi ka hura wuta."

Haka ya tsuguna da rigar aiki yana fifita, muna tuya. Kafin magariba mun jera waina a faranti, da miyar taushe, muka ɗora a keken, muka rufe da sabon zane. Yayata a gaba, ni a gefe, shi a baya kamar mai rakiyar amarya.

Madam ɗin Ba'asantiya ce, ba 'yar Zango ba, fuska a murtuke. Ta ɗaga zanen. Ta ɗauki waina ɗaya ta ci, ta ƙara, sannan ta fashe da dariya har da dafa bango.

Mai gadi yana nan a bakin aikinsa, matarsa ta haihu. Madam ta zama mai sayen waina duk Juma'a. Yayata ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ni kuwa in na je kantin, sai na mayar da keke wurinsa, da goro a ciki.